Kanwa, Alimun Da Taki: Lissafin Tsami Tsakanin Dutsin-Ma Da Kurfi

Idan damina ta kankama, ruwan da kogin Karaduwa ke juyewa a dam ɗin Zobe jawur yake zuwa, ya kwaso laka daga duk gonakin da ya ratso. Dam ɗin na kudu da garin Dutsin-Ma. An kammala shi a 1983 zamanin Shugaba Shehu Shagari, kuma sai a watan Yulin 2021 aka ƙaddamar da aikin ruwan shan da aka tsara zai kai ruwansa har birnin Katsina. Matatar da za ta mai da irin wannan ruwa abin sha da alimun kan fara, shi dai wanda mata ke jefawa a baho idan ruwan rafi ya zo a dame. Laka ta dunƙule ta kwanta, ruwa ya yi garau. Sai dai yayin da alimun ke wannan aiki yana sakin tsami a cikin ruwan. Wani ruwan ya shanye tsamin ko gezau, wani kuwa nan take ya koma mai cin bututun ƙarfe. Kuma da za a auna su kafin a zuba alimun ɗin, mai yiwuwa lamba ɗaya za su nuna, pH 7.

Yadda ruwa biyu masu lamba ɗaya ke da hali biyu shi ne jigon darasin asid da makashinsa, wanda ɗaliban kimiyyar sinadarai ke karo da shi tun a babbar sakandare, su sake haɗuwa da shi a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011. A ganina mun ba lambar muhimmanci fiye da kima, don ita aka fi tambaya a WAEC da NECO da JAMB, abin da ke riƙe da ita kuwa ya zama sakin layi guda da ake haddacewa ana gobe jarrabawa. Alhali a ƙasa irin tamu da ke zaune kan dutse da jigawa, shi ne ya fi shafar manomi da mai kiwo da ma'aikacin ruwa.

Lambar kanta ba ta daɗe a duniya ba. Wani masani ɗan ƙasar Denmak, Sørensen, ya ƙirƙiro ta a 1909 a ɗakin binciken Carlsberg, domin ya gaji da rubuta sifili-sifili. Ga dalili: ko tsantsar ruwa ba ya zama lafiya lau, 'yan ƙwayoyinsa kaɗan na rabewa gida biyu, H⁺ da OH⁻, suna sake haɗewa, ba dare ba rana. A zafin digiri 25, yawan H⁺ a lita guda mol 0.0000001 ne, wato 10⁻⁷, haka ma OH⁻. Idan aka ninka su da juna 10⁻¹⁴ ake samu, kuma ko me aka narka a ruwan wannan sakamako ba ya sauyawa: ɗaya ya hau, ɗayan ya sauka. Sai Sørensen ya ce a ɗauki log na yawan H⁺ a juya alamarsa, pH = −log[H⁺], 10⁻⁷ ya zama 7 kawai. Saboda haka kowane taki ɗaya a wannan tsani ninki goma ne. Ruwan lemon tsami na wajen 2, nono na tsakanin 4 da 4.5, ruwan sama mai tsafta 5.6 saboda iskar kabon da ya narka a hanya, sabuwar madara wajen 6.7, jiƙon kanwa wajen 10. Tazarar 2 da 4 a ido ba yawa, a cikin ƙwarya kuwa ninki ɗari ce.

Shi ma 7 ɗin da aka haddace a matsayin tsaka-tsaki, na digiri 25 ne. Ruwa ya fi rabewa idan ya ɗumama. A ranar Afrilu da zafi ya kai digiri 40, wadda ba baƙuwa ba ce a Dutsin-Ma, tsantsar ruwa wajen 6.8 zai nuna, kuma bai zama asid ba, don H⁺ da OH⁻ nasa kai ɗaya suke.

A 1923 Brønsted a Denmak da Lowry a Ingila, kowa da nasa aikin, suka kawo ma'anar da ake amfani da ita har yau: asid shi ne mai ba da H⁺, bes ko makashin tsami shi ne mai karɓa. Amma masu bayarwa hali-hali ne. Asid mai ƙarfi, irin na ruwan batir ko HCl da ke cikin mutum, da ya shiga ruwa yake sakin H⁺ ɗinsa. Lissafinsa ba wuya: mol 0.1 na HCl a lita ya ba da pH 1, mol 0.01 ya ba da 2. Asid mai rauni kuwa, irin na khal da tsamiya da lemon tsami da nono, ƙanƙamo gare shi. Kaɗan yake saki ya riƙe saura, ana ta kai-komo tsakanin wanda ya saki da wanda ya riƙe har su tsaya a wani daidaito. Ma'aunin wannan daidaito shi ne Ka. Na asid ɗin khal 1.8 × 10⁻⁵ ne. In aka narka mol 0.1 a lita, sai a ninka Ka da 0.1 a fitar da saiwar murabba'insa, a samu 1.3 × 10⁻³, wato pH 2.87. Kashi ɗaya da 'yan kai cikin ɗari ne kaɗai ya rabe. Sauran na nan a laɓe, kuma na'urar auna pH ba ta ganin su.

Wannan ɓoyayyen kaso ne ke sa ƙara ruwa bai cika kashe tsami ba. Ka sirka asid mai ƙarfi ninki goma, pH ya hau da ɗaya cif. Ka yi wa na khal haka, daga 2.87 sai ya tsaya a 3.37, rabin taki kawai, domin duk sa'ad da aka rage H⁺ waɗanda ke laɓe sai su fito su cike gurbi. Mai miyar yakuwa ta san haka ba tare da alƙalami ba, shi ya sa ba ta ɓata lokaci wajen ƙara ruwa, kanwa take ɗauko.

Akwai kuma tarkon da malamai ke son ɗana wa 'yan ajin farko a jami'a: mene ne pH na HCl mai 10⁻⁸? Mai gaggawa ya rubuta 8, ya mai da asid makashin tsami da bakin biro. Amsar ita ce 6.98, saboda a wannan tsinkewa H⁺ ɗin da ruwan kansa ke fitarwa ya fi na asid ɗin yawa, dole a lissafa da shi.

To, me zai faru idan aka haɗa asid mai rauni da abokin tagwaicinsa, wato abin da yake komawa bayan ya saki H⁺, a mazubi ɗaya kuma kowanne da yawa? Wannan shi ne bafa, garkuwar pH. In asid ya shigo, abokin tagwaicin ya karɓe H⁺. In makashin tsami ya shigo, asid ɗin mai rauni ya ba da nasa. Lawrence Henderson na Jami'ar Harvard ya rubuta lissafinsa a 1908 yana binciken jini, Karl Hasselbalch kuma ya mai da shi siffar log bayan 'yan shekaru: pH = pKa + log([makashi]/[asid]). A gwada da lita guda mai mol 0.1 na asid ɗin khal da mol 0.1 na gishirinsa. Tun da kai ɗaya suke, log ɗin sifili ne, pH ya zauna a kan pKa, wato −log na Ka, 4.74. A zuba mol 0.01 na HCl: makashi ya ragu zuwa 0.09, asid ya ƙaru zuwa 0.11, pH ya koma 4.65. Wannan adadin na HCl da a tsantsar ruwa aka zuba shi, daga 7 sai 2, ninki dubu ɗari.

Lura da cewa rabo ne ke cikin lissafin, ba jimilla ba. Mai 0.1 da 0.1, da mai 0.001 da 0.001, pH ɗinsu kusan ɗaya ne, amma na biyun asid ɗin da muka zuba ɗazu zai share shi kakaf. Lambar pH tuwon da ke cikin akushi ne yau, ƙarfin garkuwa kuwa hatsin da ke rumbu; gida biyu na iya cin tuwo iri ɗaya a watan Janairu, sai Agusta ake sanin wanda ya tara. Garkuwa ta fi aiki idan pH bai yi wa pKa nisan da ya wuce ɗaya ba, sama ko ƙasa, domin bayan nan ɗaya daga cikin tagwayen ya kusa ƙarewa.

Garkuwar ruwan kogi da na rijiya ita ce baikabonet, HCO₃⁻, tare da iskar kabon da ke narke, pKa ɗinsu 6.35. Ana auna yawanta da miligiram na dutsen farar ƙasa a lita. Kowane miligiram na alimun na cinye kusan rabin miligiram na wannan ajiya. A ɗauki misali da ruwa biyu, duka a pH 7, ɗaya ajiyarsa miligiram 25, ɗayan 150, a zuba wa kowanne miligiram 40 na alimun a lita, wato a cinye 20. Lissafin Henderson ya nuna na biyun zai sauka zuwa wajen 6.7, na farkon kuwa har 5.6. Ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya tsakanin 6.5 da 8.5 ta ajiye, ka ga ɗaya ya tsira ɗaya ya fita. Kuma damina ce ke haɗa matsalolin biyu: laka ta yi yawa ana buƙatar ƙarin alimun, ruwan sama da ba shi da ajiya kuma ya sirka wanda ke dam. Duwatsun da suka yi wa Dutsin-Ma da Kurfi ado irin giranit ne, ba sa narkewa su ba ruwa kalsiyam kabonet kamar dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a Sakkwato. Shi ya sa matatun ruwa ke ajiye laim, ƙonannen dutsen farar ƙasa, domin mayar da abin da alimun ya ci.

Amma in aka zarce da laim ɗin an faɗa wani ramin. Kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, idan ya shiga ruwa asid mai rauni yake zama, HOCl, mai pKa wajen 7.5, kuma shi ne mai kisa sosai. Abokin tagwaicinsa OCl⁻ rago ne. A pH 6.5 kashi 91 cikin 100 na siffar mai kisa, a 7.5 rabi, a 8.5 kashi 9 kacal. Saboda haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe ruwa ƙasa da 8 idan za a sa masa kulorin. Ma'aikacin matata a kan siraɗi yake tafiya, ƙasa bututu ya ciwu, sama cuta ta tsira.

Abin da ya fi ba ni sha'awa a duk wannan darasi yana kan tiren mai kayan miya. Kanwa, wadda fatake suka daɗe suna kawowa daga yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga da kwarurrukan Nijar, jigonta ma'adinin tirona ne, kuma a cikin kowace ƙwayarsa akwai sodiyam kabonet ɗaya da sodiyam baikabonet ɗaya. Tagwaye ke nan, asid mai rauni da abokinsa, kai ɗaya, haɗin Allah. Narka ta a ruwa ka samu garkuwar da ke zaune a wajen 10, ko ka zuba kaɗan ko ka ƙara, lambar ba ta cika motsi ba. Wannan ya bambanta ta da sodar sabulu, wadda ɗan ƙari ke kai ta 13 ko 14 ta ƙona fata. Shi ya sa mai ɗanwake ke auna kanwa da ido ba ta illata kowa. In ta yi yawa dai baki ya faɗa mata. Ta kasuwa ba ta rasa yashi da gishiri a haɗe, kuma ungurnu daban jar kanwa daban, amma halinsu na asali ɗaya ne.

A tukunya aikinta a fili yake. Ta karɓe H⁺ na yakuwa, kumfar da ke tasowa iskar kabon ce ke fita. Ta sa wake saurin nuna, ta riƙe wa kuɓewa korenta. Farashin da ake biya shi ne bitamin B1 da C, waɗanda ba sa jure makashin tsami a kan wuta. Nono kuwa ta ɗaya gefen yake bi: ƙwayoyin halitta na mai da sukarin madara asid, furotin da fosfet ɗin madarar su yi ta shanyewa, sai pH ya gangaro wajen 4.6 furotin ɗin ya rasa cajin da ke raba ƙwayoyinsa, ya kama jikinsa. Mai awara ma haka take gani: ta zuba ruwan tsami a tafasasshiyar madarar waken suya shiru, ta ƙara shiru, can sai ta tsinke gaba ɗaya. Garkuwar furotin ce ta ƙare a daidai wannan ludayin.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne gona. Mafi yawan gonakin tudu daga Kurfi zuwa Dutsin-Ma jigawa ce, yashi da yawa, yumɓu kaɗan, ruɓaɓɓen ganye da kashin dabba da ke cikinta sau da yawa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Yumɓu da wannan ruɓaɓɓen abu su ne garkuwar ƙasa. Fuskarsu na riƙe kalsiyam da magniziyam da fotasiyam, idan H⁺ ya zo su kama shi su saki ɗaya daga cikin waɗancan. Ƙasar da ba ta da su da yawa, abu kaɗan ke juya ta.

Abin da ke juya ta kuwa a buhu muke sayo shi da tsada. Takin zamani mai amoniyam, da yuriya da ke komawa amoniyam, idan ƙwayoyin halittar ƙasa suka mai da shi naitiret suna sakin H⁺ biyu a kan kowane amoniyam guda. In ruwan sama ya wanke naitiret ɗin ya tafi da kalsiyam, tsamin ya zauna. A ƙiyasin da masana taki ke aiki da shi, buhun yuriya mai kilo 50 na buƙatar kusan kilo 40 na garin dutsen farar ƙasa kafin a goge tsamin da ya bari, amoniyam salfet kuwa wajen kilo 55. Wa ke zuba wannan a gonarsa? Idan ƙasa ta sauka ƙasa da 5.5, alminiyam ɗin da ke daskare a yumɓu sai ya narke ya ƙone bakin saiwa, ya kuma ɗaure fosfaras yadda shuka ba ta iya sha. Manomi ya ga masara ta tsumbure, ya ce gona ta gaji, ya ƙara taki, ya ƙara wa ciwon gishiri. A Samaru ta Zariya akwai filin gwajin da aka fara tun 1950, ana zuba wa wasu fegi takin zamani zalla, wasu kashin shanu, wasu duka biyun, shekara da shekaru. Fegin da suka sha takin naitirojin zalla sun yi tsami, waɗanda aka haɗa musu da kashin shanu suka riƙe.

Ba cewa nake a bar takin zamani ba. Jigawar nan ba za ta ciyar da yawan mutanen da ke kanta yau ba sai da shi. Amma kakanninmu na da hanyoyin mayar wa ƙasa ajiyarta, kuma ɗaya bayan ɗaya suna kuɓuce mana. Kara da harawa da ake kwashewa tas bayan girbi, don dabba da danga da murhu, da kalsiyam da fotasiyam ɗin gonar suke tafiya. A da suna dawowa a mangalar jaki, takin gida haɗe da tokar murhu, ko kuma makiyayi ya sauka da garkensa a gona ya kwana arba'in. Rashin tsaron da ya addabi wannan yanki ya raba manomi da makiyayi, ya kuma sa gonakin nesa sun daina ganin takin gida. Wanda bai fasa zuwa ba shi ne hunturu: ƙurar da iska ke ɗaukowa daga kwarin Bodele na Chadi tana ɗauke da kalsiyam da fotasiyam, tana yayyafa wa gonaki kyauta. Tana cikin dalilan da suka sa ƙasar Arewa ba ta kai ta kurmin Kudu tsami ba, amma ba ta isa ta biya bashin buhunan yuriya ita kaɗai ba.

Yuriya na da wata ɗabi'a ta daban a kwanakin farko. Kafin ta kawo tsami, narkewarta na ɗaga pH na ƙasar da ke kewaye da ƙwayar har ya doshi 9. Amoniyam asid ne mai rauni, pKa 9.25, abokin tagwaicinsa kuwa iskar amoniya ce. A 7.25 kashi 1 cikin 100 ne iska, a 8.25 wajen kashi 9, a 9.25 rabi. Ka watsa ta a saman yashi mai zafi da ba shi da garkuwa, wani kaso na kuɗinka ya bi iska. Shawarar malaman gona ta a tona a binne taki, daga wannan lissafi ta fito. Kuma kada a haɗa yuriya da toka a rami ɗaya.

A fadama da filayen rani labarin na iya juyewa. Inda ake ban ruwa babu magudana, rana na shanye ruwan ta bar gishirinsa, har farin ɓawo ya fito manoma su ce kanwa ta taso. In sodiyam kabonet ne, pH kan haura 8.5, ƙasa ta toshe, shuka ta rasa sinadarin ƙarfe da zinki. Tokar da ke gyara gonar tudu a nan ɓarna take ƙarawa, don haka shawara ɗaya ba ta yi wa Kurfi da bakin Zobe.

Masu turkar ragon layya ma na da nasu kason. Tumbin rago ya fi son zama tsakanin 6 da 7, kuma yawun da yake haɗiya lokacin tuƙa cike yake da baikabonet. Ranar da ya kwance ya afka wa buhun dawa, ko aka cika masa hatsi don ya yi saurin ƙiba, ƙwayoyin halittar tumbi na narka garin da gaggawa su fitar da asid, ga shi babu harawar da za ta sa shi tuƙa. In pH ya faɗi ƙasa da 5.5 ya daina ci, in ya ci gaba da faɗuwa ana iya rasa shi. Kanwar da makiyaya ke ba dabbobi lasa na taimakawa, manyan gonakin madara a duniya ma baikabonet suke sa wa shanu a abinci. Amma rigakafin shi ne a riƙa ƙara hatsi sannu a hankali, kada a yanke harawa.

Jinin mutum tsakanin 7.35 da 7.45 yake zama. Baikabonet ɗinsa milimol 24 ne a lita, iskar kabon da ke narke 1.2, rabonsu 20 da 1, pKa a ɗumin jiki 6.1, log na 20 shi ne 1.3, jimilla 7.4. Ɗalibi mai lura zai ce ai 7.4 ya yi wa 6.1 nisa fiye da ɗaya, yaya garkuwar ke aiki? Saboda ƙofarta a buɗe take: huhu na fitar da iskar kabon, ƙoda na sarrafa baikabonet. Yaron da amai da gudawa suka kama yana zubar da baikabonet ta hanji. In ya ragu zuwa 12, rabo ya koma 10 da 1, pH 7.1. Sai jiki ya sa shi dogon numfashi da sauri, iskar kabon ta sauka zuwa 0.75, rabo ya koma 16, pH ya farfaɗo zuwa 7.3. Wannan numfashin, da ake kuma gani a zazzaɓin cizon sauro mai tsanani da ciwon sukari da ya rikice, alama ce ta a garzaya asibiti. Shi ya sa ƙunshin ORS na Hukumar Lafiya ta Duniya, ban da gishiri da sukari, yake ɗauke da giram 2.9 na sitiret a lita, wanda jiki ke mayarwa baikabonet.

Daga nan za a gane inda masu tallar ruwan gora mai pH 9 da sunan wanke jini suka dosa. Ruwan da ba shi da ajiya, da ya faɗa cikin mutum, inda pH ke tsakanin 1.5 da 3.5, labarinsa ya ƙare. Kanwa dai tana da ajiya, tana kwantar da ƙwannafi na ɗan lokaci, amma sodiyam take shigarwa jiki, abin da mai hawan jini ke gudu. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, sun danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da wankan jego. Binciken baya ya nuna akwai wasu dalilan, amma gargaɗin sodiyam ɗin na nan.

Na'urar auna pH da Arnold Beckman ya ƙera a Amurka a 1934, don masu sarrafa lemon tsami a Kalifoniya, yanzu ta koma kamar biro, ɗalibin da ke rubuta furojet kan ruwan burtsatse na iya sayen tasa. Sai dai in ba a saita ta da ruwan garkuwa na ƙa'ida ba, lambarta zato ce kawai. Waɗannan ruwaye su ne masu 4.01 da 7.00 da 10.01, kuma na ƙarshen sodiyam kabonet ne da baikabonet kai ɗaya, wato kanwa da aka tsarkake.

Malamin da ba shi da na'ura ma bai rasa abin yi ba. Launin zoɓo na sauyawa da pH: ja a tsami, ya dushe a tsakiya, ya yi duhun kore a kanwa. A jera kofi huɗu masu ruwa daidai wa daida, na sama da na burtsatse da na dam da wanda aka jefa wa ɗan gutsuren kanwa, a ɗiga wa kowanne jiƙon zoɓo kaɗan. Zoɓon kansa na da tsami, don haka ruwan sama tun a nan zai yi ja. Sauran a riƙa ɗiga musu lemon tsami ana ƙirgawa har launinsu ya kamo nasa. Yawan ɗigon shi ne ƙarfin garkuwar kowanne. Ɗakunan gwaji ma haka suke yi, sai dai da asid na ƙa'ida har pH ya kai 4.5, su rubuta sakamakon da miligiram na kalsiyam kabonet a lita. Duk wanda aka miƙa wa takardar gwajin ruwan burtsatsensa, ya nemi wannan layin kusa da na pH. Mai gwajin ƙasar gona kuma ya tambayi yawan yumɓu da na ruɓaɓɓen taki kafin ya yanke buhu nawa zai saya.